Ƙuri'a ko maslaha: wa ya kamata ya yanke ƙa'idojin yanar gizo?

A watan Yunin 2004 an yi wani taro a San Jose, a jihar Kalifoniya ta Amurka, ƙarƙashin W3C, ƙungiyar da Tim Berners-Lee ya kafa a 1994 don tsara ƙa'idojin yanar gizo. Wakilan Mozilla da Opera, masu ƙera burauza, wato manhajar buɗe shafukan yanar gizo, suka kawo takarda suna neman a ci gaba da gyara HTML, harshen da ake rubuta shafuka da shi, ta yadda tsofaffin shafuka ba za su lalace ba. Da aka ƙirga ra'ayin mahalarta, mutum 8 suka goyi baya, 14 suka ƙi. Babu maguɗi, babu wanda ya sayi kowa. Waɗanda suka sha kaye suka fita suka kafa tasu ƙungiyar, WHATWG, tare da mutanen Apple. Ɓangaren da ya yi rinjaye ya ci gaba da aikin XHTML 2, sabon harshen da aka so ya maye gurbin HTML, wanda babu wata babbar burauza da ta ɗauke shi, har aka rufe aikin a 2009. Abin da 'yan takwas ɗin nan suka nema shi ne ya zama HTML5. A 2019 W3C da kanta ta sa hannu a yarjejeniyar da ta ce kundin WHATWG shi ne kundin HTML.

Na fara da wannan ne domin duk lokacin da aka fitar da wata ƙa'ida da ta ɓata wa masu gina shafuka rai, magana ɗaya ce ke tasowa: tunda yanar gizo ta kowa ce, me zai hana a ba kowa ƙuri'a? Na daɗe a kan wannan ra'ayi, kuma har yau ina ganin akwai gaskiya a cikinsa. Wanda ya taso a inda ake cewa an fid da ɗan takara ta hanyar "maslaha", alhali kowa ya san a falon wani aka zauna aka yi ɗauki-ɗora, da wuya hankalinsa ya kwanta in aka ce masa an daidaita ba tare da an ƙirga hannu ba. Sai dai kafin mutum ya zaɓi ɓangare, ya kamata ya san irin abin da ake yanke hukunci a kansa.

Ƙa'idar yanar gizo ba ta da ɗan sanda, ba ta da kotu. Ta fi kama da mudun kasuwa. Sarkin kasuwa na iya shelar cewa daga yau ga girman mudu, amma in manyan 'yan hatsi uku da kowa ke awo a wurinsu suka ci gaba da tsohon kwanonsu, mudun garin nasu ne. A yanar gizo ma uku ne, wato injinan da ke cikin burauza masu karanta shafi su nuna shi a allo: injin Blink na Google, wanda Chrome da Edge da Opera da burauzar Samsung ke tafiya a kansa; WebKit na Apple; sai Gecko na Mozilla da ke cikin Firefox. A da sun fi haka yawa. Opera ta ajiye nata injin a 2013, Microsoft ta sanar da ajiye nata a ƙarshen 2018. Duk ƙa'idar da waɗannan ukun ba su rubuta a cikin manhajarsu ba, takarda ce kawai. Kowace hanyar yanke hukunci da za a kawo, da wannan ma'aunin ya kamata a fara auna ta.

Hanyoyin da ake magana a kansu uku ne, kuma mutane kan cakuɗa biyu na farko. Akwai ƙuri'ar kowa da kowa, akwai ƙuri'ar mambobi ko ƙasashe masu rajista, akwai kuma daidaitawa ba tare da ƙirga ba.

Ta farkon ita ta fi daɗin ji, ita ce kuma ba ta ɗaukar dogon bincike. Zaɓe na buƙatar rajistar masu zaɓe, intanet kuwa ba ta da ita. Mutum ɗaya na iya buɗe asusu dubu, kamfani na iya umartar ma'aikatansa duka su je su danna. Ko da an toshe wannan, akwai abin da ya fi damuna. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, haka ne, amma mu a intanet ba mu ne sarkin yawa ba. Duk wanda ya taɓa rubuta "ƙasa" ko "ɗaki" a shafi, ya buɗe a wata waya ya ga ɗan akwati a gurbin harafin, ya san yadda abin yake. Na taɓa kwana ina canza salon rubutu a shafin wata makaranta domin sunan garinsu ya fito daidai a wayoyin iyayen yara. Su haruffan boko masu lanƙwasa sun daɗe a cikin Unicode, kundin haruffan duniya da kwamfutoci ke bi, matsalar ta masu zana haruffa ce. Amma wasu haruffan ajami da Hausa ke buƙata sai a Unicode 13, a 2020, suka shiga, tare da na Wolof. Rubutun Adlam na Fulani, wanda 'yan'uwa biyu Ibrahima da Abdoulaye Barry suka ƙirƙira a Gini, ya shiga a 2016. Da a ce ƙuri'ar duniya aka jira, tsakanin sabon hoton dariya na saƙon waya da harafin ajami ɗaya, kowa ya san wanda zai ci. Waɗannan haruffa sun shiga ne saboda wasu sun kai hujja a rubuce, da hotunan shafukan da aka yi amfani da su, gaban kwamitin da aikinsa ya tilasta masa ya karanta. Haka abin yake ga makafi masu amfani da manhajar da ke karanta musu shafi, da duk masu rubutu daga dama zuwa hagu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a zaɓen unguwa ƙuri'arsa ɗaya ce tak.

Hanya ta biyu ta fi nauyi, domin ana amfani da ita da gaske, kuma tarihinta na nan a rubuce. A ISO, hukumar ma'auni ta duniya, kowace ƙasa na da murya ɗaya ta hannun hukumar ma'auninta. Najeriya na zaune a can ta hannun SON. Gwaji mafi girma da wannan tsari ya fuskanta a fagen kwamfuta shi ne na OOXML, tsarin fayilolin Microsoft Office. Ba ƙa'idar yanar gizo ba ce kai tsaye, amma babu inda ya fi nan nuna abin da ke faruwa idan kuɗi masu yawa suka rataya a kan ƙuri'a. Kundin ya haura shafi 6,000, aka shigar da shi ta hanyar gaggawa. Sharaɗin cin zaɓe shi ne kashi biyu cikin uku na ƙasashe masu cikakkiyar kujera su amince, kuma masu ƙi kada su wuce kashi ɗaya cikin huɗu. A Satumban 2007 bai samu ba. Gab da wannan ƙuri'a, ƙasashe da dama da ba a saba ganinsu a kwamitin ba suka nemi cikakkiyar kujera, akasarinsu kuma suka ce e. A Suwidin, kamfanoni kusan ashirin suka biya kuɗin shiga a ƙurarren lokaci suka juya sakamakon, daga baya Microsoft ta amsa cewa wani ma'aikacinta ya yi wa abokan hulɗa alkawarin tallafi in suka je suka goyi baya. Hukumar Suwidin ta soke ƙuri'ar, bisa dalilin cewa wani ya jefa sau biyu.

A Fabrairun 2008 aka zauna a Janiba kwana biyar don duba gyare-gyare fiye da 1,000. Kwana biyar ba za su isa ba, don haka aka haɗa mafi yawansu aka jefa musu ƙuri'a a dunƙule ba tare da an tattauna su ba. A Afrilu kundin ya wuce. A Nowe, yawancin 'yan kwamitin ƙwararru sun ƙi, amma shugabannin hukumar suka aika da e, daga baya mutum 13 suka ajiye aiki. Afirka ta Kudu, Burazil, Indiya da Benezuwela suka ɗaukaka ƙara, aka yi watsi da ita. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne abin da ya biyo baya: sababbin mambobin da suka shigo don ƙuri'a ɗaya ba su damu da sauran ayyukan kwamitin ba, har aka riƙa rasa adadin da ake buƙata don wuce da ƙananan ayyuka. Mu nan mun san jigilar masu zaɓe a mota, mun kuma san yadda mazaɓa ke komawa bayan motocin sun tafi.

W3C ma ta taɓa kaiwa ga ƙirga. A 2017 aka yi rikicin EME, ƙa'idar da ke ba kamfanoni irin su Netflix damar kunna bidiyo mai makulli a cikin burauza ba tare da ƙarin manhaja irin su Flash ko Silverlight ba. Ƙungiyar EFF, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta nemi a ɗaure mambobi da alkawarin cewa ba za su kai ƙarar masu binciken tsaro da suka gano ɓaraka a makullin ba, domin dokar Amurka ta 1998 ta haramta karya irin wannan makulli. Ba a karɓa ba. Berners-Lee, a matsayinsa na darakta, ya amince a fitar da ƙa'idar, EFF ta ɗaukaka ƙara, aka je ƙuri'a: 108 suka goyi baya, 57 suka ƙi, 20 suka ƙaurace, a ƙungiyar da mambobinta suka haura 400. Ba a bayyana wa jama'a wanda ya zaɓi me ba. A watan Satumba EFF ta fice. To amma kafin a jefa ƙuri'ar nan, manyan burauzoji sun riga sun saka EME. Ita kanta Mozilla tun 2014 ta sanar cewa za ta saka, ba da son ranta ba, don kada masu kallon bidiyo su guje wa Firefox. Da 57 ɗin nan ne suka yi rinjaye, makullin na nan a wayar kowa, tambarin W3C ne kawai zai rasa.

Duk da haka ƙuri'ar mambobi na da alherin da bai kamata a raina ba. Tana kawo ƙarshen gardama. Tana barin adadi a rubuce wanda za a iya komawa gare shi. Ƙaramar jami'a da babban kamfani, kowa hannu ɗaya yake ɗagawa. Akwai kuma inda take aiki lafiya lau. Masu gina Debian, manhajar tafiyar da kwamfuta ta kyauta, sun daɗe suna yanke manyan al'amuransu da ƙuri'a. Da Guido van Rossum ya sauka daga jagorancin Python, harshen rubuta manhaja da ya ƙirƙira, a 2018, masu riƙe da aikin suka yi zaɓe suka kafa majalisar mutum biyar. Abin da ya haɗa waɗannan biyun shi ne an san masu zaɓen ɗaya bayan ɗaya, sun shigo ne ta hanyar aiki na shekaru, kuma su ne za su zauna su aiwatar da abin da suka zaɓa. A ƙa'idojin yanar gizo kuwa, masu ɗaga hannu daban, masu rubuta injin daban.

Sai hanya ta uku, wadda IETF ta fi shahara da ita, ƙungiyar da aka kafa a 1986, mai kula da ƙa'idoji irin su HTTP, hanyar da burauza ke bi ta ɗauko shafi. A taronta na 1992, David Clark na jami'ar MIT ya faɗi maganar da ta zama takenta: sun ƙi sarakuna da shugabanni da ƙuri'a, abin da suka yarda da shi shi ne daidaiton da ya wadatar da kuma manhajar da aka ga tana aiki. IETF ba ta da rajistar mambobi, duk wanda ya shiga tattaunawa ya shiga. A tsohuwar al'adarta, a ɗakin taro, idan mai jagoranci na son sanin inda mutane suka karkata, sai ya ce masu goyon baya su yi gunji da baki a rufe. Ɗaki ya ɗauki "mmm". Sannan masu ƙi su yi nasu. Ba a iya ƙirga gunji, ba a kuma iya gane ko wane ne ya yi, don haka ƙaramin ma'aikaci ba ya tsoron idon maigidansa. Kuma wannan gunji mafarin magana ne: daga nan sai a tambayi masu ƙi dalilinsu.

A 2014 Pete Resnick ya rubuta bayanin wannan al'ada a takardar IETF mai lamba 7282, kuma abin da ya faɗa a ciki shi ne ya sauya min tunani. Ya ce mutum ɗari na iya goyon baya, biyar su ƙi, a ce ba a daidaita ba, muddin biyar ɗin sun kawo matsala ta gaske da ba a amsa ba. Haka kuma biyar na iya goyon baya, ɗari su ƙi, a wuce, idan ɗarin nan ba su da wata hujja sai yawansu. Sharaɗin shi ne a duba kowace ƙorafi a ba ta amsa, ko da ba a bi ta ba. Wannan ya sha bamban da maslahar falo da muka sani. A can ana rufe ƙofa ne don kada a ji mai ƙorafi. A nan tsarin gaba ɗaya an gina shi ne a kan ƙorafinsa. Ga mai harshen da ba shi da yawa a ɗakin, babu kariyar da ta kai wannan.

A takarda ke nan. A aikace tsarin na da ramuka, kuma ba ƙanana ba. Mai jagoranci ne ke cewa an daidaita, don haka adalcinsa shi ne adalcin ɗakin. Tattaunawa kan ɗauki shekaru, wanda ya fi juriya shi ke saura, kuma juriya ta fi sauƙi ga wanda kamfani ke biyansa albashi don ya zauna yana amsa saƙonni. IETF na taro sau uku a shekara, tana zagayawa tsakanin Arewacin Amurka, Turai da Asiya. Ana iya shiga daga gida, amma duk cikin Turanci ne, da sauri, a sa'o'in da ba lallai su dace da kai ba. Injiniyan da ke Kano ko Damagaram yana lissafin data da wuta ba a hana shi magana ba, sai dai kafin ya iso an yi nisa.

A WHATWG ma abin ya fi fitowa fili. Kafin sabon abu ya shiga kundin HTML, sai aƙalla masu injin biyu sun nuna za su rubuta shi, kuma babu wanda ya ƙi da ƙarfi. Kwamitin ƙoli na ƙungiyar kujeru huɗu ne: Apple, Google, Microsoft da Mozilla. Gaskiya ce tsirara, tunda su ne masu kwanon awo, amma ba za a kira ta mulkin jama'a ba. A 2012 masu gina shafuka suka yi watanni suna tsara yadda shafi zai aika ƙaramin hoto ga ƙaramar waya, babba ga babbar kwamfuta, abin da ya shafi duk mai sayen data da kuɗinsa. Editan kundin ya tsallake shawararsu ya ɗauki wadda ta fito daga Apple. Aka yi ta ce-ce-ku-ce. Sai a 2014 tasu ta shiga, bayan wani injiniya, Yoav Weiss, ya nemi gudummawar jama'a ya rubuta ta a cikin injin Blink da hannunsa. Haka kuma a farkon 2023 Chrome ta cire gwajin tsarin hoto na JPEG XL duk da tarin masu roƙon a bar shi, alhali a shekarar Apple ta saka shi a Safari. Duk wanda ya bi waɗannan ya ce yana son ƙuri'a, ina fahimtar zafin da ke ransa.

Matsayina bayan duk wannan shi ne a raba tambayar gida biyu. Abin da ke cikin ƙa'ida, wato ko wannan dabara za ta yi aiki, ko za ta buɗe ƙofa ga ɓarayi, ko za ta karya shafukan da aka rubuta shekara ashirin da suka wuce, ba a ƙirga masa hannu. Hujja da gwaji ne ke raba gardama. Amma wa zai jagoranci ɗaki, wa zai saurari ƙara, wa zai ce an amsa ƙorafi ko ba a amsa ba, wannan iko ne, kuma iko na buƙatar zaɓe da wa'adi. W3C ta matsa kusa da haka. Mambobi ne ke zaɓen majalisar shawara da akasarin majalisar fasaha, kuma daga 2023, da aka cire kujerar darakta, waɗannan majalisu ne ke haɗuwa su saurari ƙorafin da aka shigar a hukumance. Abin da ya rage shi ne abin da EME ta nuna: idan har an kai ga ƙuri'a a kan al'amarin da ya shafi jama'a, a yi ta ƙato bayan ƙato, kowa ya ga layin da kowane kamfani ya tsaya.

IETF ta bi wata hanya da kalmar Hausa ta fi ta Turanci bayyanawa. Ƙuri'a a wurinmu ma'ana biyu gare ta: ta akwatin zaɓe, da ta asali, wadda ake jefawa don raba gado ko fili idan kowa na da hakki daidai. IETF ta ƙi ta farko, ta rungumi ta biyu. Mutum 10 masu yanke hukunci a kwamitin da ke zaɓen shugabanninta, ana fitar da su ne ta hanyar canke daga cikin waɗanda suka ba da kansu, da lambobin da kowa zai iya sake lissafawa ya tabbatar, kuma kamfani ɗaya ba ya wuce kujera biyu. Kamfen ba ya tasiri a kan canke, jigila ma iyakarta kujera biyu.

Jin ra'ayin jama'a ma na da gurbi, in an ɗauke shi a matsayin shaida. A ƙarshen 2022 masu WebKit suka tambayi masu gina shafuka wace siga suka fi so don rubuta dokokin CSS, harshen tsara kamannin shafi, ɗaya a cikin ɗaya. Tambayar ta dace da ƙuri'a, domin magana ce ta abin da ya fi sauƙin karantawa, kuma su ne za su karanta. Amma sigar da mutane suka fi sha'awa tun farko ba ta cikin zaɓin, saboda a lokacin ana ganin za ta rage saurin injin. Babu yawan hannun da zai warware wannan. A 2023 injiniyoyi suka gano dabarar yi ba tare da nauyi ba, aka sassauta ƙa'idar.

Ga wanda ke tsara dokokin ƙungiyar masu manhaja ko wani aikin haɗin gwiwa a nan gida, ma'aunin da zan ba shi shi ne ya duba ko masu zaɓen sanannu ne, da kuma ko su ne za su yi aikin. In duka biyun e ne, ƙuri'a za ta yi masa amfani, kamar yadda ta yi wa Debian. In ƙofa a buɗe take ga kowa, ko aiwatarwa na hannun wasu, ya zaɓi shugabanni da ƙuri'a, ya bar fasaha ga hujja, ya kuma wajabta a rubuta amsar kowace ƙorafi inda kowa zai gani.

Wanda kuma damuwarsa ita ce yadda Hausa ke fitowa a allo, ba sai ya jira ranar zaɓe ba. Tattaunawar HTML da CSS a fili ake yinta a dandalin masu manhaja na GitHub, shiga ƙungiyoyin al'umma na W3C kyauta ne tun 2011, kuma sashen W3C mai kula da harsuna na tattara giɓin da kowane rubutu ke fuskanta. Adlam da N'Ko, rubutun harsunan Mandinka, na da nasu kundin. Abin da ake buƙata daga gare shi shi ne hoton allon da wasalin ajami ya hau kan harafi ba daidai ba, sunan wayar da burauzar, da hoton shafin littafi ko allon makaranta da ke nuna yadda ya kamata ya zauna.